Rasuwar Wakilin Ango

Duk wanda ya zauna a Tudun Wadan Zariya ya ce bai san Malam Jumare mai gyaran rediyo ba, to kurma ne. Ba wai don iya gyara aka san shi ba, a'a. Rediyon da ya shiga shagonsa yana tari, yakan fito ya yi shiru gaba ɗaya. Baki ne dai Allah ya hore wa bawan nan nasa. In ka ce ka je Kaduna, shi daga Legas ya dawo jiya. In ka ce ka taɓa ganin jirgin sama kusa da kusa, shi har direban ya nemi shawararsa.

Abin ya ƙara lalacewa ne tun da Khubaib, ɗan marigayi wansa da ke karatu a Malesiya, ya aiko masa da babbar waya ta shafawa. Daga ranar majalisar ƙofar shagon ba ta sake hutawa ba.

"Intanet ɗin me?" in ji shi. "Ai rediyo ne mai hoto. Ni kuwa shekara talatin ina cikin hanjin rediyo."

To, wata biyar kafin wannan labari aka ɗaura auren Khubaib da Fareeda, 'yar Alhaji Zulkiflu mai hatsi. Ango yana can ƙasar waje, don haka Jumare ne ya yi masa wakilci. Shi ya nema, shi ya karɓa a gaban Liman Nagoda, da babbar rigar da ya aro. Yarinyar nan kuwa tun da aka shafa fatiha ba ta ga mijinta ba sai a gilashin waya.

Ran wata Litinin da hantsi sai ga ta a ƙofar shago. Ta durƙusa ta gaishe shi, kai a sunkuye, irin gaisuwar suruka.

"Baba, ofishin jakadanci sun ba ni ranar Alhamis in je Abuja kan maganar biza. Sun ce sai da takardar shaidar aure ta gwamnati. In na rasa wannan ranar, sai bayan wata shida."

Malama Jumai, matar maƙwabcinsa Malam Edward, tana tsaye a wurin, ta zo bin sawun rediyonta karo na huɗu. Ita kuwa a ofishin rajista ta yi aiki har ta yi ritaya.

"Ai abu ne mai sauƙi," ta ce. "Yanzu ta shafin gwamnati na intanet ake yi. A kira Khubaib ya shiga daga can, ya sa lambarsa ta ɗan ƙasa, ya nuna wa wayar fuskarsa. Shi ke nan."

Jumare ya ajiye sukundireba ya dube ta sama da ƙasa.

"Maman Kenneth, kin taɓa ganin inda yaro ya tsaya gaban manya yana maganar aurensa da bakinsa? Ina kunya? Ina tarbiyya? Ni ban mutu ba."

"Malam Jumare, na'ura ba ta san kunya ba."

"Yau za ta sani. Ke zamanin fayil da ƙura kika yi aiki. Yanzu zamaninmu ne, mu masu fasaha. 'Yata, je ki gida ki haɗa kayanki. Gobe war haka takarda na hannunki."

"Rediyona fa?"

"Yana kan hanya."

"Daga ina? Ga shi can a kan benci, ka cire masa ciki."

Fareeda ta ɗan yi jim kamar za ta ce wani abu, amma ina ita ina musu da baban miji? Ta bar masa takardunta ta tafi.

Jumare ya fito da benci waje don kowa ya gani. Mai shayi ya bar tukunya, masu acaɓa biyu suka kashe babura, Malam Edward ya jawo kujerarsa ya gyara tabarau. Aka cike gurbin amarya lafiya lau. Da aka zo gurbin ango, shafin ya ce a sa lambar ɗan ƙasa, sannan ango ya kalli wayar ta ɗauki fuskarsa.

"Ka gani ko?" in ji Edward. "Kira yaron nan."

"Malam Edward, ran ɗaurin aure da liman ya ce ina mai karɓa, wa ya ce na karɓa?"

"Kai ne."

"Aure ya ɗauru ko bai ɗauru ba?"

"Ya ɗauru."

"To abin da masallaci ya yarda da shi, wata 'yar waya ce za ta ƙi? Wakili ai kamar mai abu ne. Ni zan tsaya masa yadda na tsaya masa ran nan. Can gaba za su tambaya a madadin wa, sai in rubuta Khubaib."

Ya zuba lambarsa. Wayar ta ce ya cire hula.

"Rashin kunya!" ya ce. Sanƙo ne da shi wanda ko Saratu matarsa sai da dabara take gani. Ya gwada da hula sau uku, ta ƙi. Ya juya wa jama'a baya ya cire. Rana ta daki sanƙon, wayar ta ce haske ya yi yawa.

Wayyo, dariya! Mai shayi har da riƙe ciki. Aka kawo lema aka riƙa masa. Wayar ta ce ya ƙifta ido, ya ƙifta. Ta ce ya juya hagu, ya juya. Ta ce ya buɗe baki.

"Wannan kam ba sai an roƙe shi ba," in ji wani ɗan acaɓa.

Alama ta fito koriya shar. Jumare ya mayar da hula ya miƙe yana huci kamar wanda ya kayar da ɗan dambe. Shafin bai tambaya a madadin wa ba, shi kuma murna ta hana shi lura.

Washegari Talata ya hau keke mai ƙafa uku har Kwangila, ya sa aka buga takardar da kala a wani shagon kwamfuta, aka manna mata leda don kada ruwa ya taɓa ta. Ko kallonta bai tsaya yi ba. Ya dawo ya miƙa wa Edward a gaban majalisa.

"Karanta musu da ƙarfi. Ka fassara don jahilai."

Edward ya gyara murya. "Amarya, Fareeda Zulkiflu, shekara ashirin da uku." Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Ango, Jumare Abdulƙarim, shekara sittin da ɗaya."

"Wakilin ango za ka ce."

"Ango aka rubuta. Ga hotonka ma, ba hula, baki a buɗe."

Wurin ya ɗauki sowa. "Ango! Ango ka sha ƙamshi!" Mai shayi ya ce yau ƙwai uku kyauta ga ango. Wani ya tambaya ko an sa ranar kai lefe. Jumare ya fizge takardarsa, gumi na bin ƙeyarsa.

"Ku ba ku san aiki ba. Gwaji na yi, in ga ko shafin yana da hankali. Yanzu zan yi na gaske. Kuma duk wanda ya kai maganar nan kunnen Alhaji Zulkiflu, ban yafe ba."

Ya shige shago ya turo ƙofa. Ya sake sa lambar Fareeda. Shafin ya ce wannan mata tana da aure. Ya sake, ya ce tana da aure. Ya kashe wayar, ya hura mata iska ta ramin caji, ya bubbuga ta a cinya yadda yake yi wa rediyo, ya kunna. Tana da aure. A ƙasa kuma an rubuta cewa aure ba ya fita daga rajista sai da ɗayan biyu, takardar saki daga kotu ko takardar shaidar mutuwar miji.

Kotu? Ya shiga kotu ya ce ya zo sakin matar ɗansa? Gara ƙasa ta tsage. Ga shi kuma saura kwana biyu. Ya zauna ya yi tagumi. Can sai ya ɗaga kai, murmushi ya bazu a fuskarsa har kunne.

"Kai, Jumare, Allah ya yi maka kai! Miji ya mutu a takarda, mata ta zama ba ta da aure, a ɗaura da Khubaib. Wa ya ji, wa ya gani?"

Ran Laraba da sassafe ya ce wa Saratu zai je sayen kayan gyara. Ya zarce unguwar Kongo, inda sabis ke da ƙarfi kuma ba wanda ya san shi. Ya samu gindin wata bishiya kusa da masu sayar da littattafai, ya buɗe shafin rajistar mutuwa. Abin ya zo masa da sauƙi, don ba a ce mamaci ya ƙifta ido ba. Sunan mamaci, ya rubuta nasa. Sana'a, ya rubuta injiniya. Sanadin mutuwa, ya daɗe yana tunani, don ba ya son mutuwar ƙasƙanci, sannan ya zaɓi gajeriyar rashin lafiya.

Sai aka nemi lambar wayar ɗan uwa ɗaya da ta shaidu biyu.

"Mutum irina ba ya mutuwa a gaban 'yan acaɓa," ya ce. Ya sa lambar Saratu, ya sa ta Liman Nagoda, ya sa ta Alhaji Zulkiflu. Manyan mutane. A zatonsa ado ne kawai ake yi wa takarda da su. Ya danna aikawa, wayar ta yi ƙara ɗaya ta mutu, caji ya ƙare. Ya kai ta wurin mai caji, shi kuma ya shiga rumfar mai abinci ya sa aka zubo masa shinkafa da wake har da ƙarin kifi, don ya ga ya cancanta.

Abin da bai sani ba, a daidai lokacin saƙo ya faɗa wayoyi uku a Tudun Wada. An kawo rahoton rasuwar Jumare Abdulƙarim, in gaskiya ne a danna ɗaya. Saratu ta ba wata maƙwabciya ta karanta mata, ta kira wayar mijinta ta ji a kashe, ta ƙwalla ƙara. Alhaji Zulkiflu ya kira liman.

"Allah gafarta Malam, ka ga wani saƙo?"

"Yanzu nake dubawa, Alhaji. Kai ma ka gani?"

"Na gani."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tunda kai ma ka gani, ai ta tabbata."

"Tunda Malam ya ce ta tabbata, shi ke nan."

Kowannensu ya danna ɗaya.

Bayan azahar Jumare ya karɓi wayarsa. Da ya kunna ya ga kira arba'in da bakwai, ya yi tsaki. "Mutane ba sa iya wuni ɗaya ba ni." Ya ga takardar ta fito, ya sa aka buga, ita ma aka manna mata leda, ya haɗa ta da ta auren a ambulan ɗaya. Ya sake kashe wayar don kada a dame shi, ya tari keke.

Suna shiga layinsu ya hango rumfa, da tabarmi, da kujerun roba, da mutane maƙil.

"Subhanallahi! Wa ya rasu?"

"Wani mai gyaran rediyo ne," in ji mai keke. "Tun safe nake kawo masu gaisuwa. Gawar ake nema asibiti asibiti, amma har an gama haƙa kabari."

"Mai gyaran rediyo?"

"E, wani mai shegen cika baki. Ni ban san shi ba, amma duk wanda na ɗauko sai ya ce Allah ya jiƙansa, unguwa za ta huta da surutu. Wai rediyon da ya kashe sun fi mutanen layin nan yawa."

"Ƙarya suke! Injiniya ne!"

"Ka san shi ke nan, Baba?"

"Tsaya nan, ɗan banza!"

Ya diro. Liman Nagoda yana tsakiyar addu'a, hannuwa a sama, yana roƙa wa mamaci gafarar abin da harshensa ya ɗauko. Jumare ya tsaya a bakin tabarma ya ce, "Salamu alaikum."

Mai shayi ne ya fara buɗe ido. Ya tsallake mutum uku ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Sai wuri ya watse. Kujeru suka kife, butoci suka tarwatse, wani tsoho da ya shekara biyar yana dogara sanda ya riga kowa kai wa bakin titi. Liman ya miƙe zai gudu, ya tuna shi liman ne, ya tsaya da takalmi ƙafa ɗaya yana karanto duk abin da ya zo bakinsa.

"Ni ne fa! Jumare ne!"

"Mun san kai ne," in ji wata murya daga bayan katanga. "Shi ya sa!"

Ana cikin haka Malam Edward ya sauka daga acaɓa, ya dawo daga ɗakin ajiye gawa na uku, ƙura har gira. Ya ƙare wa Jumare kallo, ya matso ya mintsine shi a hannu da ƙarfi.

"Wash! Kana hauka ne?"

"Da ransa," in ji Edward. "Ku fito. Kuma ni sai ya biya ni ƙafafuna."

Saratu ta fito daga cikin gida, ido ya kumbura, mata na biye da ita. Ta kama rigarsa ta fashe da kuka, tana Alhamdulillahi, tana shafa fuskarsa. Da ta tabbatar mutum ne, sai kukan ya tsaya cak.

"Malam, manja ne wannan a gemunka?"

"Wake na ɗan..."

"Ni ina nan ina suma, kai kana can kana cin wake?"

Ta fizgi rigar, ambulan ya faɗo, takardu biyu suka zame a kan tabarma suna sheƙi. Alhaji Zulkiflu ya sunkuya ya ɗauka. Ya karanta ta farko ya ce, "Mutuwarka ce wannan, har da sunana a shaida." Ya karanta ta biyu. Ya sake karantawa. Ya nemi kujera ya zauna.

"Jumare. Ni na ba ka 'yata?"

"Alhaji, ai a matsayin wakili..."

"Na ce ni na ba KA 'yata?"

"Tsarin na'ura ne, sai an yi maka bayani a hankali."

"Yi mini da sauri!"

Ya yi, yana in-ina, a gaban duk Tudun Wada, don waɗanda suka gudu sun dawo da ƙarin mutane. Da ya kai wurin dabarar mutuwa, liman ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har rawaninsa ya warware. Saratu ta tafa hannu ta ce, "Oh ni! A kwana biyu ka yi aure ka mutu, amma ƙofar bayan gida shekara uku ka kasa gyarawa."

Mutum ɗaya ce ba ta dariya. Fareeda tana tsaye a bakin zaure cikin mata, hawaye na zuba. Tun safe take kukan rasuwar baban mijinta da gaske, yanzu kuma ga wani sabon kukan. Gobe Alhamis. Jumare ya hango ta, kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Maman Kenneth," in ji Alhaji Zulkiflu, "ke kika san aikin nan. Mene ne mafita?"

Malama Jumai ta karɓi takardun ta duba gaba da baya.

"Hanya biyu ce, Alhaji. Ta farko, gobe ya je kotu ya yi rantsuwa cewa yana da rai, ya kai kansa ofis a gan shi. Da zarar ya kai ƙorafi za a rufe fayil ɗin gaba ɗaya, sai an bincika. Kuma in ya tashi daga matattu, aurensa da Fareeda ma ya dawo tare da shi. Fareeda ta manta da Alhamis."

"Ta biyun fa?"

"A bar shi yadda yake. A takarda yanzu ba ta da miji. A kira Khubaib ya nuna fuskarsa daga can, kafin magariba takarda ta fito. In ta sauka Malesiya lafiya, sai a bi ta kotu a warware shirmen nan ɗaya bayan ɗaya."

"Har yaushe ke nan?" in ji Jumare.

"Wata uku, in an yi sa'a. Kuma kada ka yi mamaki in aka rufe layin wayarka. Mamaci ba ya kira."

"Layina? Wata uku ba waya? Haba! Jama'a, ku duba fa, ga ni tsaye! Liman, ka faɗa musu haramun ne!"

"Ni ai shaida ne," in ji liman yana naɗa rawani. "Na riga na danna ɗaya."

"Alhaji!"

"Ni ma na danna. Amma maganar ba tawa ba ce. Ga mai abu nan."

Kowa ya juya wajen Fareeda. Jumare ya taka har gabanta, ya sassauta murya, abin da ba a taɓa ji ba a layin.

"'Yata, ke yarinya ce mai hankali. Wata shida kamar gobe ne. Ki ce musu a raya ni."

Fareeda ta share hawaye da gefen hijabi. Ta durƙusa har ƙasa, kai a sunkuye, cikin ladabin da ta saba, don ita ba ta taɓa musu da baban miji ba.

"Baba," ta ce a hankali, "Allah ya jiƙanka da rahama."

Duk layin, maza da mata har da mai keken da ke jiran kuɗinsa, suka amsa baki ɗaya: "Amin!"